Ka taka unguwa da ƙafarka kafin ka sayi fili a Maraɗi

Gida biyu masu gini iri ɗaya, ɗaya a Sabon Gari, ɗaya a sabon lotisma, wato sabon yankan filaye, can bakin gari, kuɗinsu ba ya zuwa ɗaya. Mai saye da ɗan haya duk abin da suke biya shi ne kusanci: masallaci, lakwal ɗin yara, likita, injin niƙa, famfo, wurin cefane. Dillali zai ce maka "nan kusa ne", amma shi a kan babur ya auna.

Saboda haka ka sauka ka taka. A ƙasa mai tauri, babba yana cin kimanin mita 400 cikin minti 5. Cikin rairayin titunanmu tafiyar ta fi haka nauyi, balle ga tsohuwa ko ɗan shekara 7 mai jakar makaranta. Ka tsaya ƙofar filin, ka duba agogo, ka je kowane wuri da iyali za su riƙa zuwa kullum. Abin da ya wuce minti 15, ka sani kabu-kabu za a hau.

Daga nan sai lissafi. A ce hawa ɗaya sefa 200 ne, gidan kuma na yin hawa 4 a rana: jika 24 ke nan a wata, 288,000 a shekara. Ɗan haya ya san wannan, shi ya sa yake zabge shi daga abin da zai yarda ya biya. Filin da aka yi maka rangwamen rabin miliyan don nisansa, kuɗin hawa zai cinye rangwamen kafin shekara 2.

Zuwa ɗaya ba ya isa. Ka je da tsakar rana a watan Afrilu ka ga ko akwai inuwar bedi a hanya. Ka je bayan isha'i ka ga haske, da ko mata na wucewa hankali kwance. Mafi muhimmanci, ka je a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi. Tun ambaliyar 1945 gari ya hau tudu, ruwan sama kuma yana gangarawa wajen Gulbi da ƙarfi, yana zaizaye titin da ba kwalta ba magudana. Titin da ya zama kwazazzabo yakan raba gida da kasuwar da ake hange daga ƙofa. In rani ne, dubi gindin katangun maƙwabta: alamar ruwa da buhunan yashi za su gaya maka gaskiya.

Kusanci ma yana da iyaka. Fili a bakin kwalta, ko jikin tasha, ko inda cunkoson kasuwar Litinin da Juma'a ke kaiwa, ya dace da mai son fidda shaguna, musamman na kusurwa mai fuska biyu. Gidan iyali kuwa ya fi daraja layi ɗaya ko biyu a baya, inda yaro zai fita aike ba tare da tsallaka hanyar manyan motoci ba.

A sabon lotisma kada ka biya kuɗi a kan alkawarin abin da ba a yi ba tukuna. Je ofishin magajin gari ka nemi taswirar wurin, ka duba faɗin titi da filayen da aka keɓe wa makaranta da kasuwa, sannan ka koma ka gani ko har yanzu suna nan, wasu ba su yi gini a kansu ba. Lambar filin da ke kan takardar mallaka ta yi daidai da ta taswira da kuma duwatsun iyaka kafin ka ba da ko dala.