Yadda za a kai yaro ga likitan ido kafin lokaci ya ƙure

Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idon da bai samu haske sosai a wannan tsakani ba, ko an gyara shi daga baya, da wuya ganinsa ya cika. Shi ya sa maganar "a bari ya ɗan yi wayo tukun" take jawo makanta.

A fara dubawa a gida. A haska tocila a idon jariri a ɗaki mai duhu. Idan tsakiyar baƙin idon ya yi fari, ko ya yi ƙyalli kamar na mage, a tafi asibiti a makon nan: mai yiwuwa yanar ido ce da aka haife shi da ita, wadda ake so a cire cikin makonni 6 zuwa 8 na farko, ko kuma ciwon dajin ido, mai iya kisa. Jaririn da bai cika wata ba kuma idonsa na fitar da mugunya, a kai shi a ranar. Kada a ɗiga masa nono, fitsari ko ruwan ganye.

Yaro mai wayo kuwa, a rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, sannan ɗayan. Idan ya yi ta ture hannun duk lokacin da aka rufe ido guda, to mai yiwuwa da wanda aka rufe ɗin ya fi gani, ɗayan na da matsala.

Nisa da kuɗi su ne babban cikas. Tiyatar idon yara tana buƙatar allurar barci, ba kowane asibiti ke yi ba. A karɓi takardar turawa daga asibitin unguwa zuwa manya irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, a kuma tambayi ranar ganin yara kafin a biya kuɗin mota. A ranar aiki, a daina ba yaro abinci awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, in ba haka ba a ɗage aikin. Wajen lissafi, a haɗa da kuɗin komawa da na tabarau, domin yawanci a nan iyaye ke gajiya, aikin ya tashi a banza. Tabarau ba ya lalata ido.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne maganin ɗigawa na kyamis. Yaro mai ƙaiƙayin ido, a saya masa mai ɗauke da sinadarin dexamethasone, ya ji sauƙi, a yi ta maimaitawa wata da watanni. Maganin yana iya ɗaga matsin cikin ido ya cinye jijiyar gani, kuma ba ta dawowa.

Rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15, da bitamin A duk wata 6 daga wata 6 zuwa shekara 5, suna taimakawa wajen kare idon yaro, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Yaron da ke tuntuɓe da magariba, wato dundumi, sau da yawa bitamin ɗin ne ya yi masa ƙaranci.