In kanel ya yi gargaɗi tun kwamfuta na tashi

'Yan uwa masu aiki da Linux, kada ku yi saurin sake harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa sassan kwamfuta, don kawai ya jefo gargaɗi lokacin tashi. Ku fara sa shi ya yi bayani da kansa.

Da GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ya bayyana, ku danna e. A layin da ya fara da linux, ku goge quiet, ku ƙara ignore_loglevel initcall_debug, sai Ctrl+X. Gyaran na tashi ɗaya ne, ba ya taɓa saitinku.

initcall_debug yana rubuta sunan kowane aikin farawa kafin a kira shi da kuma bayan ya dawo. Galibi gargaɗin zai faɗo tsakanin layin "calling" da na "returned", nan kuka kama mai laifin. Shi kansa layin WARNING yana ɗauke da sunan fayil da lambar layi, ku karanta shi a nutse. Tunda gargaɗi ba ya tsayar da kwamfuta, umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, zai nuna muku komai bayan ta tashi. In saƙonnin farko sun goge saboda yawa, ku ƙara log_buf_len=4M.

Amma dabarar ba ta ci ko'ina ba. In kwamfutar ta maƙale tun allo bai nuna komai ba, sai kun haɗa wayar siriyal zuwa wata kwamfuta don karanta saƙonnin a can, ku kuma ƙara wannan a layin linux ɗin: earlyprintk=serial,ttyS0,115200 a kan firosesa nau'in x86 (irin na Intel da AMD), earlycon a kan nau'in ARM.

Sannan yawan rubutun yana rage saurin tashi. Gargaɗin da ya samo asali daga ayyuka biyu masu rige-rige kan iya ɓuya, ku zata ya warke. Ku cire abubuwan da kuka ƙara a layin, ku sake gwadawa.