Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Taraktar Lambu da Aka Ƙera Domin Ƙasar Sanyi

A cikin kayan gwanjon da ke isowa Maradi, jefi-jefi akan ci karo da ƙaramar tarakta irin ta lambu, wadda girmanta bai kai na amalanken shanu ba, haɗe da wani faffaɗan ƙarfe na gaba da wata na'ura mai murɗaɗɗen haƙori da mai sayarwa kansa ba ya iya faɗin aikinta. Masu ƙarko daga cikinsu ƙirar Amurka ce ta shekarun 1960 da 1970, kamar Cub Cadet ta kamfanin International Harvester da ta shiga kasuwa a 1961, da John Deere 110 da ta fito a 1963, da Wheel Horse ta garin South Bend a jihar Indiyana. Galibinsu suna ɗauke da injin Kohler mai silinda ɗaya, na zubin ƙarfe, wanda iska ke sanyaya shi: K161 mai ƙarfin doki 7 a na farko, sannan K241 mai 10, K301 mai 12, K321 mai 14 da K341 mai 16. Masu su na asali suna yanke ciyawa da su da rani, su kwashe dusar ƙanƙara da hunturu. Saboda haka duk wanda zai tayar da ita domin aikin lambu a Jiratawa ko bakin Gulbin Maradi, bayan gyaran abin da ya lalace, sai ya warware shirin sanyin da aka yi mata, ya shirya ta domin ƙura da zafi.

Tun kafin a biya kuɗi, a fara juya injin da hannu a ji ko yana zagayawa ba tare da ya cije ba, sannan a zaro sandar awon baƙin mai a murza man tsakanin yatsu biyu. Idan an ji garas-garas kamar tsaki, ko man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, to ƙarfe ya ci ƙarfe ko ruwa ya shiga. A leƙa ƙarƙashin gangar jikin da tocila, domin gishirin da ake watsawa a hanyoyin ƙasashen sanyi yakan cinye ƙarfe daga ciki alhali fenti yana nan da kyaunsa. A kwafi lambobin da ke kan ɗan allon da aka manna a murfin fankar injin, domin da su kaɗai ake neman kayan gyara da suka dace. Kada a yi saurin yanke wa injin hukunci don an ji matsin iskarsa da rauni lokacin juya shi da hannu, domin yawancin waɗannan injinan suna da wata dabara a ciki da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa, kuma makaniki da yawa sun kwance lafiyayyen inji saboda rashin sanin wannan.

Akwai tarko a wajen sifana. Kusoshin waɗannan taraktoci da inci aka auna su, alhali kayan aikin garejinmu na milimita ne. Sifana 13 tana shiga kan noti mai rabin inci, wato milimita 12.7, amma da ɗan sako-sako, kuma idan notin ya yi tsatsa sai ta murje kusurwoyinsa ya zama kamar ƙwallon goruba. Gara a nemi sifanu masu lamba 7/16 da 1/2 da 9/16 tun da farko, a jiƙa kusoshin da kananzir su kwana, kuma kada a tura noti na milimita a kan zaren inci da ƙarfin tsiya.

Hanyar fetur ba ta da wuyar sha'ani. A sauke tanki a wanke shi, a canja tiyon roba, a kwance karbirata a busa ƙananan ƙofofinta da iska ba tare da an soka musu waya ba, sannan a sa ƴar matata a kan tiyon, musamman ga mai sayen man kwalba a bakin hanya. A wajen wuta kuwa, akwai wasu ƴan ƙarafuna biyu masu buɗewa da rufewa a ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefen injin, su ne ke sa buji ya ba da tartsatsi. A goge fuskarsu, a juya injin har su buɗe iyakar buɗewarsu, a daidaita tazarar a kan milimita 0.5. Idan an kashe inji a tabbata an mayar da makulli, domin barinsa a kunne yana ƙona kwayil.

Idan injin yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ko ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasansa, to babu makawa sai an buɗe shi, kuma a nan ne haƙuri yake da rana. A shimfiɗa tsaftataccen buhu a cikin ɗaki, nesa da iskar tsakar gida, a jera kowane ƙarfe bisa tsarin da aka ciro shi. Bayan an cire kan injin, a ja farce a bangon silinda daga ƙasa zuwa sama. Idan farcen ya tsaya a wani tudu kusa da baki, to bangon ya cinye, kuma sa sababbin zobba a kan tsohon fistan asarar kuɗi ce kawai, domin cikin ƴan makonni hayaƙin zai dawo. Abin da ya dace shi ne a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su faɗaɗa ramin, a sa fistan da ya ɗara na asali da milimita 0.25 ko 0.50 ko 0.75, amma a riga a sami fistan a hannu kafin a taɓa ramin, domin a kan awonsa ake sassaƙa. Wajen mayar da sandar fistan, ƴar ƙofar mai da ke jikin murfinta dole ta fuskanci sandar da ke ɗaga bawul. Wannan inji ba shi da famfon baƙin mai, wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar ke fantsama shi, don haka idan aka juya murfin baibai, injin zai tashi lafiya lau, ya yi ƴan mintuna, sannan ya cije. Ga K241 zuwa K341, tazarar bawul ɗin shigar iska milimita 0.20 zuwa 0.25 ce, ta bawul ɗin hayaƙi kuma 0.43 zuwa 0.48, ana awo ne lokacin da inji ya huce sarai. A sa sabon gasket tsakanin kan injin da silinda, kuma bayan ya yi aikin farko ya huce, a sake ɗaure kusoshin.

Duk wannan wahala za ta tafi a banza idan ba a tsare injin daga ƙura ba. A ƙasar dusar ƙanƙara iskar hunturu ba ta da ƙura, shi ya sa akan tarar da matatar iska ta tsufa ko ma babu ita. A nan kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana iya cinye sababbin zobba kafin damina ta faɗi. A sa sabuwar matatar takarda, a lulluɓe ta da soson da aka ɗan shafa wa mai, a riƙa wanke soson kullum idan ana aiki a busasshiyar ƙasa. A cire murfin fanka a kankare laka da sheƙar ɓera da gidan zanzaro daga tsakanin haƙarƙarin silinda, sannan a mayar da murfin, domin shi ke bi da iska inda ake bukata. Wasu suna cire shi wai don injin ya sha iska, alhali hakan dafa shi yake yi. A zubar da siririn man sanyi da aka zo da shi, a zuba baƙin mai mai lamba SAE 30, a canja bayan kowace awa 25 ta aiki, ko ƙasa da haka a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Idan ana jan kaya a buɗe wuta sosai, domin gudun injin shi ne gudun fankarsa.

Sarƙoƙin taya ba su da aiki a yashinmu, sai dai a ajiye su. Amma a duba cikin tayoyin baya, domin sau da yawa an cika su da ruwan wani gishiri mai hana daskarewa don ƙara nauyi, kuma yana cin ƙarfen taya. A zubar, a kankare tsatsa, a shafa fenti, a sa tub saboda ƙaya. Wanda ke son nauyi ya zuba ruwa zalla, tunda ba ya daskarewa a Maradi.

Faffaɗan ƙarfen gaba shi ne ribar cinikin. Da shi ake baje takin gargajiya, a daidaita fangali, a ture yashin da iska ta tara a ƙofar lambu. Bakinsa wani dogon ƙarfe ne da aka ɗaure da kusoshi, kuma a yawancinsu ana iya juya shi idan gefe ɗaya ya cinye, in duka sun ƙare mai walda ya yanko wani. A bar masa sifirin ɗinsa yadda suke, kada a like shi da walda don ya yi ƙarfi, domin su ne ke barinsa ya kife gaba idan ya daki kututture, maimakon bugun ya tafi ga gangar jikin taraktar. A riƙa yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, domin kubik mita ɗaya na busasshen yashi yakan kai kilo 1,600, alhali sabuwar dusar ƙanƙarar da aka ƙera ƙarfen dominta ba ta cika wuce kilo 200 ba.

Na'urar nan mai murɗaɗɗen haƙori kuwa, wadda ke tattara ƙanƙara ta cilla ta ta bututu, shawarata ita ce a sauke ta. Yashi zai cinye haƙorin da boris cikin ɗan lokaci, kuma tsakuwar da za ta cilla tana iya fasa idon yaron da ke tsaye yana kallo. Wanda ya nace zai gwada ta a kan wani abu mai sauƙi kamar ɓawon gyaɗa, ya san cewa a irin waɗanda ke da ƙusar kariya, an yi ƙusar da taushi da gangan domin ta karye idan haƙorin ya cije, don haka ba a musanya ta da mai tauri, kuma ba a sa hannu cikin bututun sai an kashe inji an zare wayar buji. Idan za a ajiye ta, a sassauta bel, a cika boris da giris, a ɗora ta a kan bulo a cikin rumfa, domin kuranta da sarƙarta da ƴan giyoyinta za su yi amfani ranar da wani abu ya karye a jikin taraktar.