Kurakuran da ayari ke yi a tafiyar shaƙatawa ta jirgin ruwa

Idan dangi ko abokai mutum 20 suka haɗa kuɗi za su yi mako guda a babban jirgin ruwan shaƙatawa, a ce mai tashi daga Basalona ya zaga Faransa, Italiya da Tunisiya, yawancin matsalarsu tun daga gida take farawa. Kowa yana zaton wani ya ɗauki nauyin abin, sai ranar tafiya a tarar ba wanda ya ɗauka.

Biza ce ta fi cin mutane. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, wannan kowa ya sani. Abin da ake mancewa shi ne irinta. Da zarar jirgin ya tsaya a Tunis ya fita daga yankin Shengen, komawarsa Italiya ko Sifen kuma shiga ta biyu ce. Wanda aka ba bizar shiga sau ɗaya ana iya hana shi hawa tun a tashar farko, ko ya rantse ba zai sauka a Tunis ba, kuma kada ya sa ran kuɗinsa zai dawo. A naɗa mutum ɗaya ya karɓi hoton biza da fasfo na kowa, ya gwada su da jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tabbatar kowane fasfo yana da sauran wata 6 bayan ranar dawowa.

Sai masu yanko tikitin jirgin sama da zai sauka ranar da jirgin ruwa zai tashi, don tsimin kuɗin otal. Tafiya daga Kano ko Abuja da canjin jirgi a Istanbul ko Alƙahira ba ta da tabbas har haka. A isa kwana ɗaya kafin ranar.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar jirgin ruwa kamar motar biki, wadda za a ce wa direba ya dakata Hajiya tana tafe. Jirgin da ke ɗauke da dubban mutane ba ya jiran ayari. Ana rubuta lokacin da kowa zai dawo a bakin ƙofar sauka, yawanci rabin awa kafin tashi. Tashar Cibitabekiya, inda masu zuwa Rum ke sauka a Italiya, tana da nisan kusan kilomita 80 daga birnin, wajen awa guda a jirgin ƙasa, kuma mutum 20 ba sa tafiya da saurin mutum biyu: wannan yana ciniki, wancan yana neman bayi, yaro ya ɓace a taro. Idan ta hannun kamfanin jirgin aka biya kuɗin yawon gari, ana jiran motarsu in ta makara. Idan ayari ya shirya nasa, jinkirin a wuyansa yake. Akwai kuma tarkon agogo. A lokacin zafi Tunisiya tana bayan Italiya da awa ɗaya, wayarka tana iya canza lokaci da kanta alhali jirgin yana kan nasa. A tambayi lokacin jirgi kafin a sauka, a rabu gida-gida mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da jagoransa.

Ɗakuna ma a kama su tare a matsayin ayari, domin kamfanoni da yawa suna rage farashi idan aka kai ɗaki 8. Tsofaffi da masu saurin jiri a sa su a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. A tambayi mata da wuri cikin sirri: galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata 6 ba.

Batun kuɗi yana ɓata zumunci. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci, amma lemo, intanet, yawon gari da ladan ma'aikata da ake cira kullum a kan kowane mutum, daban suke. Idan Alhaji ya ɗaura katinsa na banki a kan dukan ɗakuna don karamci, ranar ƙarshe zai ga lissafin da ba wanda zai amsa nasa ne. Kowane ɗaki ya ɗaura nasa. A kuma kashe datar waya a tsakiyar teku, don layin tauraron ɗan adam take kamawa, mai tsadar gaske.

Abincin halal sai an nema makonni kafin tafiya, a rubuce, da adadin mutane. Wanda ba ya son wannan wahala ya duba AROYA, jirgin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024, ba a sayar da giya a cikinsa.

Kada wani ya zauna a ɗaki lokacin atisayen tsira na ranar farko yana cewa jagora zai je a madadinsa. Lokacin da jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, kuma waɗanda suka hau a Cibitabekiya ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Wurin taruwa idan haɗari ya faru yana bin lambar ɗaki ne, saboda haka uwa da ɗanta suna iya faɗawa wurare daban. Kowa ya je da ƙafarsa ya ga nasa, ya nuna wa yaransa.