Yadda Ake Karɓar Kyautar Bindiga Daga Ɗan'uwa da Ke Wata Jiha a Amurka

A ce kawunka yana zaune a Teksas, kai kana Jojiya, ya ce ya ba ka bindigarsa ta farauta kyauta. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne ka je hutu ka saka ta a bayan mota ka dawo. To, a dokar tarayya ta 1968 wannan laifi ne a kanku duka biyu, mai iya kai mutum kurkuku har shekara 5. Zumunci bai cikin lissafin dokar. Ko mahaifinka ne, muddin jiharku ba ɗaya ba ce, sai bindigar ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya, wanda ake kira FFL.

Mataki na farko, tun kafin ka yi godiya, ka duba kanka. Nan ne namu suka fi yin tuntuɓe. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aikin wucin gadi ba shi da izinin riƙe bindiga, sai in ya shiga cikin 'yan togaciya kaɗan, kamar mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Wanda ba shi da takardun zama kuwa babu magana. Mai katin zama na dindindin yana da dama. Haka kuma an hana wanda kotu ta taɓa kamawa da babban laifi, da wanda aka hukunta kan dukan iyali, da wanda alƙali ya umarta ya nisanci matarsa. Shekaru ma da iyakarsu: dillali ba zai miƙa maka ƙaramar bindiga ba sai ka kai 21, doguwa kuma 18.

Na biyu, ka binciki dokar jiharka, domin ta tarayya ginshiƙi ce kawai, kowace jiha da abin da ta ɗora a kai. A Ilinoi sai kana da katin FOID, wato katin shaidar izinin mallakar bindiga na jihar, kuma ka jira awa 72. A Kalifoniya jiran kwana 10 ne. A Niyok ba ka riƙe ƙaramar bindiga sai da lasisi, cikin birnin kuwa har doguwar sai da izini. Niyok da Kalifoniya sun hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10, don haka abin da kawu yake ratayawa lafiya lau a Teksas yana iya zama haramun a ƙofar gidanka. Ka tambaye shi sunan kamfanin, da samfurin, da yawan harsashin da take ci.

Na uku, ka nemi shagon bindiga kusa da kai ka ce kana son su karɓi saƙo a madadinka. Za su faɗa maka ladansu, kowa da farashinsa. Kar a aiko komai sai sun amsa.

Na huɗu aikin kawu ne. Ni a ganina hanya mafi sauƙi ita ce ya kai ta shagon da ke garinsa, babu harsashi a ciki, su aika wa naka shagon. Ƙa'idojin gidan waya da na kamfanonin jigila suna da sarƙaƙiya kuma suna sauyawa, gara a bar wa masu sana'ar. In doguwar bindiga ce akwai wata ƙofa: ku je shagon garinsa tare, a yi cinikin takarda ido da ido, matuƙar an cika dokokin jihohin biyu. Ƙarama dai sai a jiharka.

Na biyar, ka je da katin shaida mai hoto da adireshinka na yanzu, ka cike fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Dillali zai tura sunanka ga NICS, tsarin binciken ko an hana mutum riƙe bindiga, wanda FBI take gudanarwa tun 1998, ko ga hukumar jiha a inda haka tsarin yake. Amsa kan zo cikin mintoci. In aka ce a dakata, dokar tarayya ta ba masu binciken kwana 3 na aiki, ga wanda bai kai shekara 21 ba kuma yana iya kaiwa kwana 10 tun gyaran dokar da aka yi a 2022.

Sai dai kyauta ta zama kyauta. In ka tura wa kawu kuɗi ya sayo maka sabuwa da sunansa, kun bar babin kyauta. Wani tsohon ɗan sanda a Bajiniya, Bruce Abramski, ya saya wa kawunsa ƙaramar bindiga ƙirar Glock da kuɗin kawun, ya rubuta a fom cewa shi ne mai saye. Ya ma miƙa ta ta hannun dillali daga baya, kawun kuma ba ya cikin waɗanda aka hana. Duk da haka Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsa a 2014.

Gado kuma hukuncinsa daban. In mamaci ya bar maka ita a wasiyya, ko ta faɗo cikin rabonka, dokar tarayya ba ta tilasta bi ta dillali ba, amma ta jiharka tana nan daram. Kuma sai ya rasu ake kiranta gado. In kawu yana raye ya ce "ɗauki, ai taka ce", ku koma mataki na farko.