Ɗaukar hoton tsuntsaye a Ada Foah ta ƙasar Ghana, inda kogin Volta ya shiga teku

Masu yawan tambayar yadda ake yi, ga matakan:

1. Duba lokacin cikar teku na ranar.
2. Isa awa 2 kafin ruwa ya gama cika. Shi ke koro tsuntsaye su matso kusa.
3. Sa tufafi masu duhu, ban da fari.
4. Juya wa rana baya.
5. Tsuguna, kyamara daidai tsayin tsuntsu.

Hattara: kada ka bi zalɓe cikin taɓo. Ƙafa na nutsewa, ruwa kuma kan zagayo ta bayanka.

6. Sa saurin ɗaukar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa, tsuntsu mai tashi kuwa 1/2000. Ƙasa da haka fiffike kan dushe.
7. Saita kyamara kan idon tsuntsu.
8. Goge kyamara da ƙyalle mai ɗan laima, gishiri na kawo tsatsa.