Sabon Zuwa Ingila: Yadda Ake Roƙo a Rubuce, da Yadda Ake Karanta Takardar Hukuma

Asabar ɗin da ta wuce wani ƙanena ya zo gidana a Kubwa yin sallama, zai tafi Ingila karatun digiri na biyu. Duk tambayoyinsa a kan sanyi ne da abinci. Na ce masa wanda ya sha hunturun Disamba a Unguwar Rogo ta Jos ya riga ya yi share fage, ko da yake sanyin can uban namu ne. Abin da ya fi ba ni wuya a watannina na farko na karatu a can bai ma zo masa a rai ba, wato takarda. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ko wasu sababbin zuwa za su amfana.

A nan Abuja, in kana da buƙata a ma'aikata, ka san hanya. Ka saka babbar riga, ka je Sakatariyar Tarayya, ka gaida masinja, ka nemi wanda ya san wani, ka bi fayil ɗinka daga tebur zuwa tebur. Fuskarka da bakinka su ke yi maka aiki. A can kuwa sau da yawa ba za ka taɓa ganin wanda zai yanke hukunci a kan buƙatarka ba. Imel ɗinka ne zai tsaya a gabansa a madadinka, cikin wasu masu yawa da ke jiran amsa.

Mu kuma da irin tamu wasiƙar muka tashi: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan." Sai an gaida iyali, an tambayi gajiya, kafin a ce "dalilin rubuto maka wannan takarda". Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma wanda zai tafi Masar ko Saudiyya zai tarar wasiƙar Larabci ma da sallama da gaisuwa take buɗewa. Amma wasiƙata ta farko ga malamar da ke duba aikina haka na shirya ta da Turanci, sakin layi uku na gaisuwa da yabo da ban haƙuri, buƙatar tana can ƙasa a ɓoye. Amsarta layi ɗaya ce: ta gode, amma me nake so ta yi mini? Na ji kunya ƙwarai. Daga baya na gane ba wulaƙanci ba ne, da gaske ba ta gano buƙatar ba.

Ladabi a wurin Turawan Ingila shi ne kada ka ci wa mutum lokaci. Kan saƙon ya faɗi abin da ke ciki, tare da lambarka ta ɗalibi ko lambar da ke saman takardar da suka aiko maka. Jimlar farko ta ce ko kai wane ne, ta biyu ta faɗi buƙata. Sai dalili a gajarce, sai ranar da kake buƙatar amsa, sai godiya sau ɗaya. Ga misali, ma'anarsa da Hausa: "Ni ɗalibi ne a ajinki na ranar Talata. Ina roƙon a ƙara mini kwana bakwai kafin in miƙa aikin da wa'adinsa ke cika 14 ga wata, domin na kwanta rashin lafiya. Takardar likita na haɗe da wannan saƙo. Na gode." Iyakarta ke nan. Ka lura kuma an aika ta ne kafin wa'adin ya cika. Jami'o'in can suna da tsarin karɓar uzuri, yawanci da fom ɗinsa, amma roƙon da ya zo bayan rana ta wuce ya fi wuyar karɓuwa.

Kalmomin da ke ɗauke da ladabin 'yan kaɗan ne: "Could you please" da "I would be grateful if". Ka bar "I humbly beg" da "do the needful" a gida. Na farko yana sa su rasa yadda za su yi da kai, na biyu kuwa bai faɗi abin da za a yi ba. In ka san sunan mutum, ka buɗe da "Dear" da muƙaminsa da sunan danginsa, ka rufe da "Yours sincerely". In ba ka san suna ba, "Dear Sir or Madam", a rufe da "Yours faithfully", kamar dai yadda aka koya mana don jarrabawar WAEC. Kada ka kira mace mai digirin dakta "Mrs", suna jin zafin wannan. Idan malami ya amsa maka ya sa hannu da sunansa na yanka kawai, izini ne ka kira shi da shi. Ni dai na yi wata biyu bakina bai iya ba, don mutumin ya kai sa'ar mahaifina. A Jamus kuma akasin haka ne, sun fi riƙe muƙami da sunan dangi har sai an ce ka sauke.

Rabi na biyu na aikin shi ne karanta abin da aka aiko maka, kuma a nan ne na yi asarar barci. Wata takarda ta zo daga hukumar garin da nake, shafi biyu, da ƙananan haruffa. Na leƙa, na ga maganar harajin gida ce, na ce ai ɗalibai ba sa biya, na jefa ta a durowa. Gaskiya ne gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biyan wannan haraji. Sai dai hukuma ba ta san gaibu ba, kai ne za ka kai mata shaida daga jami'a. Wannan magana tana cikin takardar, a sakin layi na uku. Sai da takardar tunatarwa ta iso, mai ba da kwana bakwai, sannan na zauna na karanta. Tun daga ranar, kowace takarda ta zo ina neman amsar tambaya uku: wa ya aiko, me yake so in yi, zuwa yaushe? In na samu, sai in rubuta su da biro a jikin ambulan.

Wanda ya yi adabin Hausa a sakandare ya riga ya san wannan dabara, sunanta ne kawai ya bambanta. Ku tuna tatsuniyar Gizo da hankaki, inda suka ara masa fukafukai suka kai shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su ci, suka ƙwace gashinsu suka bar shi a can. Abin da na faɗa yanzu taƙaitawa ce, labarin a jimla guda, ba ƙari ba ra'ayi. Jigonta kwaɗayi da butulci, wato abin da labarin ke zagayawa a kai. Babban saƙonta kuma magana ce cikakkiya da za a iya yarda da ita ko a musa: kwaɗayi mabuɗin wahala. Takardar da na jefa a durowa jigonta harajin gida, kuma a nan na tsaya. Babban saƙonta shi ne "kawo shaida ko ka biya". Jigo kawai na gani na ɗauka na karanta.

A aji ma wannan bambanci ne ke raba maki. In an ce ka taƙaita maƙala, ba ana nufin ka tsinko jimlolin marubuci ka jera ba. Jami'o'i da yawa suna bi da aikin ɗalibai ta manhajar Turnitin mai gano kwafe, kuma kwafe maganar wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne babba a wurinsu, ko da ba da niyya ka yi ba. Abin da ya fisshe ni shi ne in karanta, in rufe littafin, in faɗa wa kaina da Hausa kamar ina yi wa Inna bayani a waya. Idan na kasa faɗa a jimla biyu, to ban gane ba tukuna, sai in koma. Idan na iya, in mayar da shi Turanci da kalmomina, in ambaci mai shi. Turawan Ingila sukan ajiye babban saƙo a farkon sakin layi, da gabatarwa da kammalawar maƙala, don haka can za ka fara dubawa.

Sai maganar mai gidan haya. Duk abin da ya lalace a ɗaki, ko na'urar ɗumama ɗaki ce ko famfo, ka rubuta, ka haɗa da hoto da kwanan wata. Kun yi magana a waya? Ka bi shi da gajeren saƙo: kamar yadda muka yi magana yau, ka ce mai gyara zai zo Alhamis. A Ingila doka ta ɗora wa mai gida ya ajiye kuɗin ajiyar da ka ba shi lokacin kama haya a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma a yawancin haya kuɗin ba ya wuce kuɗin hayar mako biyar. Ranar da za ka tashi, in gardama ta taso a kan kuɗin, waɗannan saƙonni ne shaidarka. Kuma kada ka rubuta cikin fushi. Ka rubuta da dare in ya zama dole, amma ka bari sai da safe ka sake karantawa kafin ka aika.

In ka aika roƙo shiru, ka ba su kamar mako guda, sannan ka tuna musu a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu, ba tare da ƙorafi ba. Ƙanen nawa ya tambaye ni ko hakan ba zai zama naci ba. Na buɗe wayata na nuna masa wani tuni da na taɓa aikawa sau uku a kan takardar shaidar zama ɗalibi, ya ga amsar da ta biyo na ukun ta fara ne da ban haƙuri, takardar kuma tana haɗe.